Sufeton lafiyar jirgin sama: me yake nema a cikin takardu, kuma ta ina ake shiga aikin?

Tambaya: Baba, barka da war haka. Na yi karatun lantarki, yanzu shekarata uku ina aiki a rumfar gyaran jirage a ƙarƙashin wani injiniya mai lasisi. Ina ganin sufetocin hukuma suna zuwa, su karɓi fayil su yi ta bincike tun safe har la'asar, ko sufana ba sa taɓawa. Mene ne ainihin aikin sufeton na'urorin jirgi? In kuma ina sha'awar zama ɗaya, ta ina zan bi?

Barka kadai, ɗana. Ka lura daidai, ba ma taɓa sufana. Ba girman kai ba ne. Ranar da sufeto ya ɗaure noti ɗaya a jikin jirgin da yake sa wa ido, ya fita daga sahun masu bincike ya shiga sahun waɗanda za a bincika, kuma babu mai iya zama alƙalin aikin hannunsa. Ni ma da ina rumfa haushinsu nake ji. Ka kwana kana fama da waya a cikin ramin da ko juyawa ba ka iya yi, gari ya waye wani ya shigo da farar riga fes yana tambayarka shafi na nawa ka duba a littafi. Sai da na koma ɗaya gefen teburin na gane dalilin tambayar.

Bari mu fara da wanda ke da alhakin me, don a nan mutane suka fi rikicewa. Tun Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda ta haifi ICAO, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Montreal, ƙa'idar ita ce ƙasar da ta yi wa jirgi rajista ita ke da alhakin tabbatar da cewa yana da lafiyar tashi. Jirgin da ka ga lambarsa ta fara da 5N namu ne a Nijeriya, 5U na Nijar, 9G na Gana. A nan gida NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Nijeriya, ita ce ke ɗauke da wannan nauyin. An kafa ta a 1999, ta fara aiki a 2000, amma ba ta samu cikakken 'yancin cin gashin kai ba sai da dokar 2006, bayan ƙasar ta sha makoki a jere: Bellview a watan Oktoba na 2005, Sosoliso a Fatakwal a Disamban shekarar, sannan ADC a Abuja ranar 29 ga Oktoba 2006, wanda a cikinsa muka rasa Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido. FAAN ita ke riƙe da filayen jirgi, NAMA ke kula da sararin samaniya da na'urorin da ke ƙasa, NSIB kuma ita ke binciken hatsari in ya riga ya faru. Sufeton da kake gani a rumfarku ba na ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun ba ne, na NCAA ne. Shi nasa aikin kafin hatsari ne.

To amma kada ka ɗauka sufeto ne ke tabbatar da lafiyar kowane jirgi kafin ya tashi. Ba zai yiwu ba. Jirgi ɗaya yana iya yin sawu shida a yini, sufetoci kuma ba su da yawa a kowace ƙasa. Abin da ke ba jirgi izinin tashi bayan an taɓa shi shi ne sa hannun injiniya mai lasisi, irin maigidanka, a kan takardar sakin jirgi. Matuƙi bai ga abin da aka yi ba. Fasinja bai gani ba. Ni ma ban gani ba. Dukanmu mun jingina ne da layi biyu na rubutu da hatimi. Aikin sufeto gaba ɗayansa, in ka tace shi, tambaya ɗaya ce: wannan sa hannun gaskiya ne? Wanda ya sa yana da ikon sawa? Ya yi aikin kuwa? Da wane littafi, da wane kayan awo, da kayan gyara daga ina? Kuma kamfanin da yake yi wa aiki yana barinsa ya ƙi sa hannu in bai gamsu ba?

In kana so ka san nauyin wannan tambayar, ka tambayi dattawan Sakkwato labarin 11 ga Yuli 1991. Jirgi ne ƙirar DC-8 na kamfanin Nationair na Kanada, an yi hayarsa yana jigilar alhazai da sunan Nigeria Airways, ya tashi daga Jidda zai tafi Sakkwato da mutum 261. Ba inji ne ya mutu ba, ba kuma hadari ba ne. Iskar taya ce ba ta cika ba. Tun kwanaki kafin ranar an san akwai tayoyin da iskarsu ta yi ƙasa, aka gyara alƙaluman da ke takarda maimakon a gyara tayar. Da safiyar ranar makaniki ya nemi iskar naitirojin ya ƙara, ba a samu nan kusa ba, wanda ke kula da jigilar kuma bai yarda a jinkirta tashi ba. Suna gudu a kan titi tayar da ke kusa da mai ƙarancin iskar, wadda nauyin ya koma kanta, ta fashe, ɗayar ta biyo baya, ƙarfe ya riƙa gogar ƙasa har wuta ta kama. Matuƙan ba su sani ba, suka naɗe ƙafafun jirgin da wutar zuwa cikin cikinsa. Sun juyo za su sauka, ba su kai titi ba. Babu wanda ya fita. Duk lokacin da wani manaja ya ce mini "ai takarda ce kawai", wannan jirgin nake tunawa, domin a takarda tayoyinsa lafiya lau suke.

Wannan kuwa taya ce, abin da ake gani da ido, a sa geji a auna. Ɓangarenmu na na'urori ya fi haka wuyar sha'ani. Mai yana yoyo ka ga ɗigonsa a ƙasa. Ƙarfe ya tsage ka haska fitila ka gani. Na'ura kuwa in ta lalace ba lallai ta mutu ba, sai ta ci gaba da aiki tana faɗin ƙarya cikin natsuwa, allon yana haske, lambobi suna tafiya, babu hayaƙi babu ƙara.

Ka ɗauki mafi sauƙin misali. Jirgi yana sanin saurinsa da tsayinsa ne ta hanyar iska. Akwai ɗan bututu mai kallon gaba a kusa da hancinsa, bututun Pitot, mai karɓar iskar da ke bugo shi, akwai kuma wasu ƙananan ramuka a gefen jikinsa masu auna nauyin iskar da ke kewaye. Bambancin biyun shi ne sauri, na gefen kaɗai kuma shi ke ba da tsayi. Ramin bai fi ka toshe shi da ƙwayar gero biyu ba. Ranar 6 ga Fabrairu 1996 wani Boeing 757 na kamfanin Birgenair ya tashi daga Puerto Plata a Jamhuriyar Dominika bayan ya yi kusan mako uku a ajiye ba a rufe bututun ba. Ma'aunin saurin kyaftin ya riƙa nuna abin da ba shi ba, suka rikice, jirgin ya faɗa teku da mutum 189. Abin da masu bincike suka fi zargi shi ne zanzaro ya yi gini a cikin bututun. Zanzaron nan dai da ka sani, mai ɗaukar laka yana gini a bayan ƙofa. Wata takwas bayan haka, ranar 2 ga Oktoba, wani 757 na Aeroperú ya tashi daga Lima da dare. An goge jikin jirgin, mai gogewar ya manna tef a kan ramukan gefe don kada man gogewa ya shiga, aka manta ba a ɓare ba, masu zagayen duba jirgi kuma ba su gani ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan hatsarin shi ne, da matuƙan suka rasa abin yarda sai suka roƙi jami'in hasumiya ya gaya musu tsayinsu. Ya karanta musu abin da ke allonsa, shi kuma allon nasa daga na'urar jirgin yake samun lambar, wato ƙaryar da jirgin ya aika ƙasa ita aka dawo musu da ita a matsayin tabbaci. Mutum 70 suka mutu.

Yanzu ka dubi inda muke aiki. Ƙurar hunturu a Kano da Maiduguri da Sakkwato, damina a Legas da Fatakwal da ke sa tsatsa a bakin kowace mahaɗar waya, zanzaro ko'ina, ga kuma jiragen da ke yin watanni a ajiye saboda ana jiran dala ko ana jiran inji ya dawo daga waje. Shi ya sa in na shiga filin jirgi, kafin in gaisa da kowa, idona yana kan jiragen da ke ajiye: an rufe bututun? Jan ƙyallen gargaɗi yana rataye? In na ga jirgi uku a ajiye babu murfi, na riga na san irin abin da zan tarar a fayil. Kuma jirgin da ya daɗe a ajiye ba a cire murfi kawai a ce bismillah. Akwai gwajin da littafin kamfanin da ya ƙera shi ya tanada, a haɗa na'urar awo a hura iska a ga ko layin yana yoyo ko ya toshe. Ita ma na'urar awon sai na ga takardar da ta nuna yaushe aka daidaita ta, a wane ɗakin gwaji. Ma'aunin da ba a auna shi ba bai auna komai ba.

Dalilin tsananin nan a kan tsayi yana da sauƙin fahimta. Daga ƙafa 29,000 zuwa 41,000, tazarar da ke tsakanin jirgi da wanda ke samansa ƙafa 1,000 ce kacal, tsarin da Afirka ta shiga a 2008. Jirgi biyu suna fuskantar juna kowanne yana gudun da ya haura kilomita 800 a awa, abin da ya raba su shi ne gaskiyar ma'aunin tsayinsu. Don haka ba kowane jirgi ake bari ya hau can ba sai hukuma ta ba shi izini na musamman, kuma sufeton na'urori ne ke duba hujjojin kafin a bayar. Haka na'urar da ke amsa kiran rada tana faɗin sunan jirgi da tsayinsa, da TCAS mai gargaɗin karo a sama, da mai gargaɗin kusantar ƙasa, da rediyon neman agaji mai aikawa a kan megahaz 406, da baƙin akwati, wanda ka san ba baƙi ba ne, ruwan lemo ne. Kowannensu yana da ranar gwaji, mai batir a cikinsu kuma batir ɗinsa yana da ranar mutuwa. Sannan akwai abin da ba a taɓawa da hannu sam: manhaja. Rumbun bayanan hanyoyin sama ana sabunta shi duk kwana 28. Akwati biyu suna iya zama iri ɗaya sak a ido, lambar jikinsu ɗaya, amma manhajar da ke cikin ɗaya ba a amince da ita a wannan jirgin ba. Sufetocin da suka taso a zamanin agogo mai allura sun sha wahala kafin su saba da wannan, har da ni.

Ka tambayi yadda ranar aiki take. Rabi a ofis ne, kuma ba zan ɓoye maka ba, akwai gajiyar da ta fi ta rumfa. Kamfani yana neman lasisin fara jigila, ko rumfa tana neman izinin gyara wani sabon nau'in jirgi, ko an sayo jirgi daga waje za a yi masa rajista, ko ana so a ƙara wata na'ura. Duk littattafansu sai an karanta shafi-shafi an gwada da Nig.CARs, wato dokokin sufurin jiragen sama na Nijeriya. Jirgin da ya yi shekara ashirin yana yawo a ƙasashe huɗu yana zuwa da takardu cike da kwalaye, kai kuma sai ka bi kowane umarnin gyara na dole da ƙasar da ta ƙera shi ta taɓa fitarwa ka ga an yi, yaushe, wa ya yi. Wani lokaci a tura ka ƙasar waje inda ake yi wa jirgin babban gyara, tunda har yanzu yawancin irin wannan aikin a waje ake yi. Mutane suna ganin tafiya ce ta jin daɗi. Rumfa ce dai irin taku, sai dai sanyi.

Ɗaya rabin shi ne sa ido: binciken da aka sanar, da wanda ba a sanar ba. Na fi son na biyun. Ka isa farfajiya jirgi ya sauke fasinja, kana da minti talatin ko arba'in kafin ya sake ɗiba, ba ka kuma da ikon ɓata masa lokaci ba tare da dalili ba. Abin da nake fara nema shi ne littafin jirgi, inda matuƙi ke rubuta matsala injiniya ya rubuta maganin da ya yi. Ba shafin yau nake karantawa ba. Baya nake komawa, mako biyu, wata guda.

Ka san kundin MEL, mai faɗin abin da jirgi zai iya tashi ba tare da shi ba, da sharaɗi, na ɗan lokaci. Rukunin B kwana 3, C kwana 10, D kwana 120, A kuma abin da aka rubuta a gabansa. Tsari ne mai kyau, domin jirgi yana da na'urori bibbiyu ko uku-uku, ba hankali ba ne a ajiye shi don fitilar karatu ɗaya ta mutu. Amma a nan ne wayo ya fi yawa. Wata rana da magariba, a wani fili da ba sai na faɗa ba, na buɗe littafin wani jirgi na ga matuƙa daban-daban sun rubuta cewa ma'aunin saurin kyaftin da na mataimakinsa suna saɓawa na ɗan lokaci yayin sauka. Sau shida cikin kwana goma sha tara. Amsar kusan kullum iri ɗaya: an gwada a ƙasa, ba a ga matsala ba. Sau biyu an musanya kwamfutar hagu da ta dama. Sau ɗaya an ɗage gyaran a ƙarƙashin MEL, ana gobe wa'adi zai cika aka rufe shi da cewa an gyara, bayan kwana biyu aka sake buɗe shi sabo fil, agogo ya koma farko. Kowane shafi in ka karanta shi shi kaɗai halal ne. Sai ka jera su za ka ga babu wanda ya taɓa neman ciwon, kowa yana tura shi ga mai aikin gobe.

Na ce jirgin ba zai tashi ba sai an bi layin iskar daga baki har kwamfuta. Fasinja suna zaune a ɗakin jira. Manajan tashar, dattijo ne da ya girme ni nesa ba kusa ba, ya ja ni gefe ya ce, "Yallaɓai, don girman Allah ka rufa mana asiri, sawu ɗaya ne ya rage, in ya kwana a gida za a duba." Wayata ta yi ta ƙara. Ban ɗaga murya ba, ban kuma yi masa wa'azi ba. Na nuna masa shafukan shida a jere, na ce ya kira shugaban ingancin aikinsu ya karanta masa, in shi zai sa hannu a kan cewa wannan ba matsala mai maimaituwa ba ce, ya rubuto mini. Bai rubuto ba. Wajen ƙarfe biyun dare suka sami ruwa ya taru a wani lanƙwason bututu, magudanar da ya kamata ta fitar da shi ta toshe. Aikin awa ɗaya ne da an neme shi tun ranar farko. Ba zan ce maka jirgin da ya faɗi ba, Allah kaɗai ya san wannan. Yawancin abin da sufeto ya hana ba ya taɓa sanin ko da zai faru.

Abin da na rubuta a rahoto bai tsaya kan injiniyoyin da suka sa hannu ba. Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce me ya sa kamfanin ba shi da wanda ke zama ya jera shafukan nan kafin ni. Doka ta ce ya kasance da shi. In ka hukunta makaniki ka bar tsarin da ya matsa masa, wata mai zuwa wani makanikin zai yi abin da na farko ya yi, sai dai ya fi shi iya ɓoyewa. Dakatar da lasisi da tara suna nan, na kuma yi amfani da su, musamman a kan wanda ya sa hannu a aikin da bai yi ba, domin wannan ba kuskure ba ne. Amma wanda ya yi kuskure ya zo ya faɗa da bakinsa, in ka sare shi ka rufe bakin sauran rumfar gaba ɗaya.

Sito ma wuri ne da nake daɗewa. Kowane kayan gyara yana zuwa da takardar haihuwarsa, fom 8130-3 in daga Amurka ne, ko Fom 1 na EASA, hukumar jiragen sama ta Turai, in daga can ne. A 2023 aka gano wani dillali a Landan, AOG Technics, yana sayar da kayan injin CFM56 da takardun jabu, kamfanoni manya a ƙasashe da dama suka shiga sauke injuna suna neman kayansa. Injin nan shi ne a kan yawancin Boeing 737 da ke yawo a sararinmu. Takarda ta gaskiya ma ba ta isa a rufe ido ba. Jirgin Lion Air da ya faɗi a Indunisiya ranar 29 ga Oktoba 2018 da mutum 189, kowa ya san labarin MCAS, manhajar da ta riƙa tura hancin jirgin ƙasa, da laifin Boeing, amma mu a sana'armu akwai wani ɓangaren da muke karantawa. Na'urar auna kusurwar iska da aka saka masa jim kaɗan kafin hatsarin ta fito ne daga wani shagon gyara a Florida da takardarta, alhali tana da kuskuren digiri 21, masu bincike kuma ba su iya tabbatar da cewa an yi gwajin bayan sakawa yadda ya kamata ba. Daga baya FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, ta ƙwace lasisin shagon. Ƙofa biyu ke nan da ya kamata su tare kuskuren. Sai kuma al'adar nan ta ciro kaya daga jirgin da ke ajiye a saka a mai tashi. Ba haramun ba ce in an rubuta, an gwada, an rataya alama a inda aka ciro. Matsalar ita ce jirgin da aka yi wata takwas ana yagar namansa, ranar da za a tashe shi babu mai iya faɗa maka abin da ya rage a ciki.

Kada kuma ka ɗauka sufeto ba ya kuskure. Ranar 31 ga Janairu 2000 jirgin Alaska Airlines ƙirar MD-83 ya faɗa teku a gaɓar Kalifoniya da mutum 88, saboda zaren notin wani dogon ƙarfe da ke motsa jelar jirgin ya cinye don rashin giris. Hukumar bincike ta Amurka ta ce tsawaita tazarar sa giris da ta auna cinyewar na cikin dalilan, kuma FAA ce ta amince da tsawaitawar. Wato wani mai irin aikina ya karanta buƙatar a ofis, ya ga hujjar ta yi ma'ana, ya sa hannu. Kamfani ba ya zuwa ya ce ka bar ni in yi ganganci. Yana zuwa da lissafi mai kyau yana neman ƙarin kaɗan, bayan shekara biyu ya dawo neman wani kaɗan. Mu ma ana bincikarmu: ICAO tana zuwa ta duba hukumar ƙasa kamar yadda muke duba kamfani, ta nemi fayil ɗin horon kowane sufeto. Irin wannan jarrabawar ce Nijeriya ta ci a wurin FAA a 2010 ta samu matsayi na ɗaya.

Yanzu batun shiga. Shekara uku ba ta isa ba, kuma ba raina ka nake ba. Fara da lasisinka na injiniyan gyaran jirgi a ɓangaren na'urori. In kana buƙatar karatun da zai kai ka can, kwalejin NCAT ta Zariya tana nan tun 1964, yawancinmu ta can muka bi. Bayan lasisi ka nemi horon nau'in jirgi aƙalla ɗaya, ka kai matsayin da kai ne ke sa hannu, ka yi shekara biyar ko fiye kana sawa. Dalilina shi ne, sai ka taɓa tsayawa da biro a hannu ƙarfe biyar na asuba, manaja yana kallon agogo, kai kuma zuciyarka ba ta kwanta da gwajin ba, sannan za ka iya karanta shafin wani ka gane inda hannunsa ya yi rawa. Sufeton da ya fito daga aji kai tsaye, rumfa tana gane shi cikin minti goma, daga nan kuma abin da suka ga dama shi zai gani. In ka samu dama ka yi shekara ɗaya ko biyu a sashen kula da ingancin aiki na kamfaninku, ka karɓa ko da abokanka za su ce ka gudu daga aikin ƙarfi. Shi ne ya fi kama da abin da za ka yi a gwamnati.

Ka gyara Turancinka na rubutu. Rahoton da ka rubuta yana iya zuwa gaban lauya, kuma "aikin bai yi kyau ba" ba hujja ba ce. Sai ka faɗi abin da ka gani, a ina, ranar yaushe, da sashen dokar da ya saɓa wa. In an ɗauke ka ma ba ranar za a ba ka katin sufeto ba. Akwai kwasa-kwasai, sannan ka daɗe kana bin wani babba kana kallo, ya kalle ka kana yi, kafin a sake ka kai kaɗai.

Kuɗi kuwa, in su kake nema, zauna inda kake. Injiniya mai lasisin jirgi biyu ko uku yana iya samun abin da ya fi na sufeto, musamman in ya fita ƙasashen Larabawa, kuma wannan ciwon kai ne ga hukumomi a ƙasashe da yawa, ba mu kaɗai ba. Abin da za ka samu shi ne aiki mai ɗorewa, horo mai yawa, da ganin sana'ar daga sama har ƙasa maimakon jirgi ɗaya.

Akwai kuma abin da babu kwas ɗin da zai koya maka, kuma ya fi damun irinmu da aka tarbiyyantar da kunya. Duniyar jiragen sama a ƙasar nan ƙarama ce. Wanda za ka rubuta wa laifi wataƙila shi ya koya maka riƙe mita, ko kun yi aji ɗaya a Zariya, ko ya zo sunan ɗanka. An koya mana ba a kallon idon babba a ce masa ya yi ba daidai ba. Ni abin da ya taimake ni shi ne na daina ɗaukar abin a matsayin ni da shi. Ina gaishe shi da girmamawar da ta dace, in ajiye littafin a tsakaninmu, in ce, "Ranka ya daɗe, ga abin da shafin nan ya ce, ga abin da na tarar, taimaka mini in gane." Sau da yawa shi da kansa zai ƙarasa maganar. Kamfanin da ka baro kuwa ka nemi kada a ba ka shi, aƙalla na wasu shekaru. Tikitin kyauta, ambulan "na mai", ragon Sallah da ba ka san dalilinsa ba, kujerar Umara: mayar da su tun na farko, cikin fara'a. Na farkon ne mai wuya, bayan shi labari zai riga ka isa ko'ina.

Kafin ka yanke shawara, ga abin da za ka gwada a makon nan. Ka roƙi maigidanka izini ka ɗauki littafin jirgi ɗaya, ka zaɓi matsala ɗaya ta na'ura da aka rufe wata uku da suka wuce. Bi ta har ƙarshe: katin aikin, shafin littafin gyara da aka ambata da ko shi ne sabon bugu a ranar, lambar kayan da aka cire da wanda aka saka, takardar kayan a sito, na'urar awon da aka yi amfani da ita da ranar daidaita ta, da izinin wanda ya sa hannu. Sannan ka duba shafukan da suka biyo baya ko matsalar ta dawo da wani suna. Zai ci maka yini guda, wataƙila biyu in mai sito bai ga dama ba. In ka gama ka rubuto mini abin da ka samu da inda zaren ya tsinke, in ya tsinke, sai mu yi maganar kwas ɗin da ya kamata ka fara nema.